Kawu, ga dalilin da ya sa Maryam ba ta jira addu'ar bakwai ba

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Daren jiya a zaure, bayan isha'i, ka yi mini tambaya a gaban mutane, na yi shiru saboda bakina ya yi nauyi. Ka ce ka ji gwamnatin Amurka ce ke biya wa yaranmu kuɗin jami'a har da na kashewa, to wane talauci ne ya kori Maryam ta koma kwana huɗu da rasuwar kakarta, ko addu'ar bakwai ba ta tsaya ba? Ka kuma ce in dai haka kuɗin ke zuba, me ya hana in ɗauki Aminu daga Samaru ya je ya ci rabonsa? Na san ba Maryam kake tuhuma ba, ciwon rashin 'yar'uwarka ne ke magana, kuma ni ma uwa na rasa. Shi ya sa na zauna na rubuta maka kafin in bar Zariya.

Yarinyar nan ba ita ta zaɓi tafiya ba. Ni na tisa ta gaba zuwa filin jirgi tana kuka, saboda abin da ya taɓa samun yayanta Bashir.

Ka tuna lokacin rasuwar Baba, Bashir ya zo ya zauna har arba'in, kowa yana sa masa albarka. A lokacin yana tsakiyar zangon karatu, bai sanar da makaranta ba, ni ma ban san ana sanarwa ba. Ashe dokar can ta ce kuɗin tallafin da aka ba ɗalibi na zango, kowace rana da ya yi yana karatu ce ke halatta masa wani yanki. Sai ya wuce kashi 60 cikin 100 na kwanakin zangon sannan kuɗin ya zama nasa duka. A zango mai mako goma sha biyar, wajen mako tara ke nan. Wanda ya bari kafin nan, makaranta za ta yi lissafi ta mayar wa gwamnati abin da bai ci ba, sannan ta juyo kansa ta ce ya biya ta. Bashir ya koma ya tarar da takardar bashi tana jiransa, ga kwasa-kwasan duk an rubuta masa faɗuwa, kuma an hana shi rajistar zango na gaba sai ya biya. Wata bakwai ina ƙara aikin dare kafin mu fita daga wannan rami. Ban gaya wa kowa a gida ba a lokacin, don kada a ce ina yi wa zaman makokin mahaifina lissafi.

Asalin tsarin daga wata dokar ilimi mai zurfi ce ta 1965. Duk shekara ɗalibi yana cike wani fom da ake kira FAFSA, kyauta ne, a saka bayanin harajin iyaye na shekara biyu baya, daga nan a auna ƙarfin gidan. Abin da ke fitowa kashi uku ne. Akwai tallafin Pell, mai sunan wani sanata Claiborne Pell na jihar Rhode Island, shi ne wanda ba a biya. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 iyakarsa dala 7,395, kuma sai gidan da ba shi da ƙarfi sosai ke samun wannan duka. Akwai ɗan aikin da ake ba ɗalibi a cikin makaranta, kamar ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci, a biya shi gwargwadon awannin da ya yi. Na uku rance ne. In ka juya dala 7,395 zuwa naira za ka ga kamar dukiya ce, amma a jami'a mai shekara huɗu, in aka haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, ko rabin hanya ba ta kai mutum ba.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne takardar da makaranta ke aikowa. Dukkan ukun nan ana jera su a shafi ɗaya da sunan taimako. Uba ya ga babban adadi a ƙasa ya yi hamdala, bai lura rabinsa bashi ba ne. Wannan ya sa a masallacin da muke haɗuwa, mu Hausawan Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Gana, muka mayar da abin al'ada: in kaka ta shigo aka buɗe fom, ranar Lahadi bayan an tashi yara daga Islamiyya, waɗanda suka riga suka gama jami'a sukan zo da kwamfutocinsu su zauna da iyaye. Abu na farko da ake koya wa kowa shi ne cewa ɗalibi yana da haƙƙin ya karɓi tallafi ya ƙi rance, ko ya rage shi, ba wanda zai tilasta masa. Ko an riga an tura kuɗin rancen, in ya mayar cikin kwana 120 ba a ɗora masa ruwa a kan abin da ya mayar. Haƙƙinsa ne kuma a faɗa masa ainihin kuɗin shekara, da sharuɗɗan biyan bashi, kafin ya sa hannu.

Maganar ruwa ita ce ta fi damunmu, na san kai ma nan za ka fi tsayawa. Rancen gwamnati na masu digirin farko iri biyu ne. Ɗaya ruwansa yana fara hawa tun ranar da aka ba da shi. Ɗayan kuma gwamnati ce ke ɗauke ruwan muddin ɗalibi yana ɗaukar aƙalla rabin kwasa-kwasan cikakken ɗalibi, da kuma wata shida bayan ya gama. Wasu gidajen wannan na biyun kaɗai suke karɓa, su shiga adashi tun yaro yana aji uku, domin a biya gaba ɗaya kafin wata shidan ya cika. Wasu sun ce tunda takardar da aka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin ruwa, ba za su kusance ta ba sam. Malamanmu na can ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ni abin da na zaɓa wa Maryam shi ne ta fara da kwalejin shekara biyu ta kusa da gida, inda kuɗin bai da yawa, tana kwana a ɗakinta tana cin tuwon uwarta, sannan ta wuce jami'a da sakamakonta. Har yau ko dala ɗaya ba ta ranta ba, kuma wannan na cikin abubuwan da nake gode wa Allah a kai. Bashin can ba irin wanda ake turo dattijo ya ba da haƙuri ba ne. In mutum ya yi kwana 270 bai biya ba, gwamnati na iya yankar albashinsa ba tare da ta je kotu ba.

Shi kuma tallafin da ba a biya, yana da igiyarsa. Duk makaranta tana auna ɗalibi a kan abu uku. Makinsa kada ya faɗi ƙasa da 2 a ma'auninsu na 4, ba irin na 5 da su Aminu suka sani a Jami'ar Ahmadu Bello ba. Yawanci sai ya ci kashi biyu cikin uku na kwasa-kwasan da ya yi wa rajista, kuma wanda ya ajiye a tsakiya ana lissafa shi cikin waɗanda bai ci ba. Sannan kada karatun ya ja fiye da tsawonsa da rabi. Pell ɗin kansa zango goma sha biyu ne a duk rayuwar mutum, wanda aka ɓata ya tafi ke nan.

Sai dai ba su rufe ƙofa ba, kuma wannan ne Bashir bai sani ba sai daga baya. Ɗalibin da aka tsayar wa tallafi yana iya ɗaukaka ƙara, kuma rasuwar ɗan'uwa na cikin uzurin da doka ta ambata da suna, tare da rashin lafiya. Amma takarda suke so. Mu a nan ana jana'iza bayan azahar a binne kafin la'asar, ba wanda ke tunanin takardar shaidar mutuwa. Da ka ga na tura Aminu asibiti neman takarda ranar kwana uku, har wasu suka ga kamar gado nake hange, takardar Maryam ce. Ta rubuta wa malamanta tun kafin ta hau jirgi, suka ɗaga mata mako ɗaya, mako ɗayan nan kuwa har da kwanakin hanya.

Wani abin da zan roƙe ka, Kawu, tunda kai ne babba yanzu kuma ana jin maganarka. In tallafi ya biya kuɗin makaranta ya yi saura, ana tura wa ɗalibi rarar a asusunsa. Wannan ce ake kira kuɗin kashewa a nan gida. Ɗalibi ya sa hannu cewa a kan karatu kaɗai zai kashe ta: littattafai, haya, abinci, kuɗin mota. Sau da yawa ma rarar daga rance ta fito. Na san yaran da 'yan'uwa suka yi ta kira, wannan biki, wancan suna, wancan kuɗin waya, yaro ya ji kunya ya turo, zango bai kai rabi ba ya rasa na littafi. In akwai buƙata a gida ni za a kira, ni ne na ɗauki nauyin zumunci. A bar yaran.

Haka nan gaskiya a fom. Fom ɗin bai san ina ciyar da mutane a Tudun Wada ba, babu gurbin rubuta wannan. Amma in ya tambayi kadara, gidan hayar da mutum ya gina a Najeriya yana ciki. Akan samu mai ce maka wa zai sani? Ƙarya a fom ɗin laifi ne da tararsa ke kai dala 20,000, ko ɗauri, ko duka biyun, kuma ana zaɓar wasu a nemi shaidar abin da suka rubuta. Ko ba doka ma, kuɗin da aka ware wa marasa ƙarfi ne, mai danne dukiyarsa ya karɓa haƙƙin wani ya ci. Hanyar halal tana nan: in aiki ya tsaya ko ciwo ya cinye kuɗin gida, a je ofishin tallafi da takardu, suna da ikon sake lissafi. Abin da ya fi yi wa iyaye maza wuya shi ne wata dokar sirri ta 1974. Kai ka ba da bayanin harajinka, amma in ka kira makaranta ka tambayi sakamakon ɗanka, yawanci sai su ce sai da izininsa a rubuce. A gidana ranar rajista ake sa hannu a wannan takarda, kuma yaran ba su taɓa musu ba.

Game da Aminu, wannan tallafi na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin da wasu 'yan kaɗan irinsu 'yan gudun hijira. Wanda ya shiga da bizar karatu ba ya ciki. Shi sai ya nuna yana da kuɗin shekara guda tun kafin a ba shi biza, kuma aikin da aka yarda ya yi lokacin karatu bai wuce awa 20 a mako ba, a cikin makaranta. In na ɗauke shi yanzu yana aji biyu, na raba shi da abin da ke hannunsa. Ya gama digirinsa da sakamako mai kyau, a matakin digiri na biyu ko na uku ne jami'o'in can ke ɗaukar baƙi su yafe musu kuɗi su ba su aikin koyarwa ko bincike, musamman a fannin kimiyya irin nasa.

Kafin nan akwai asusun rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024. Babu ruwa a kansa, makaranta ake biya kai tsaye, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata in ya nema, kuma biyan yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa. Shi ma bashi ne, sunan Aminu zai hau, don haka sai da yardarsa da taka. In kun amince, ya zo gobe da hantsi da lambar JAMB ɗinsa, da ta katin ɗan ƙasa, da BVN, da takardar shigarsa jami'a, mu zauna mu karanta sharuɗɗan tare. Maryam ta ce in gaya maka hutunsu na Disamba nan za ta yi shi, kuma gidanka za ta fara sauka.