Wane gwajin ƙididdiga ya dace idan ana ƙara yawan magani mataki-mataki?

Ɗan'uwa, ka ce kana da rukuni huɗu na beraye, kowanne da yawan maganin da aka ba shi, kuma kana tambaya ko ANOVA, wato gwajin ƙididdiga da ke kwatanta matsakaicin sakamakon rukunai, ta isa. A ganina ba ta isa ba. ANOVA tana nuna cewa akwai bambanci ne kawai, ba ruwanta da jerin rukunan daga ƙarami zuwa babba, kuma wannan jerin shi ne kan maganarka.

Duba irin sakamakon da ka auna tukuna. Idan e ko a'a ne, kamar ciwon daji ya fito ko bai fito ba, gwajin Cochran-Armitage ne naka. Idan awo ne amma alƙaluman sun karkata gefe ɗaya, gwajin Jonckheere-Terpstra ya fi, domin matsayin alƙaluman a jere yake dubawa, ba ainihin girmansu ba.

Gwajin Williams na 1971 yana da ƙarfi sosai wajen gano mafi ƙarancin adadin maganin da ke tasiri, amma ya ɗauka cewa tasirin gefe ɗaya yake tafiya, ba ya juyowa. Nan ake yawan tuntuɓe. Wani lokaci babban adadi yana zama guba, tasirin ya faɗo. In kana zargin haka, yi amfani da gwajin Dunnett, ka kwatanta kowane rukuni da wanda ba a ba komai ba.

Kuma don Allah ka zaɓi gwajin tun kafin ka ga sakamako.