Ƙanina mai hawan bijimi a Texas ya faɗi ya miƙe, shikenan lafiyarsa ƙalau?

Tambaya: Likita, ƙanina yana Texas ya shiga wasan rodiyo. Jiya bijimi ya kada shi ya taka shi a haƙarƙari, amma ya miƙe da ƙafarsa ya fita fili, ya ce ba komai jibi ma zai sake hawa. Hajiya ta kasa barci. Wani ya ce mu aika masa laya irin ta masu hawan ƙaho.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Ka kira shi yau ɗin nan ya je asibiti a yi masa hoton ƙirji da ciki.

Wannan magana ta "ai ya miƙe" ita ce ta fi ba ni haushi a aikin nan, kullum sai na ji ta. Lane Frost, zakaran hawan bijimi na duniya na 1987, a garin Cheyenne na Amurka a 1989 ya gama sakan 8 ɗin da ake so mahayi ya yi a kan bijimi lafiya lau, ya sauko, bijimin ya juyo ya doke shi a baya ya karya masa haƙarƙari, ya miƙe har ya yi wa mutane alama da hannu, sai ya faɗi, shikenan, yana da shekara 25. Mason Lowe ma a Denver a 2019 bijimi ya taka masa ƙirji, ya tashi ya yi ɗan taku kaɗan ya zube. Jiki a wannan lokacin zafin wasa ne ke riƙe da shi, ciwo bai isa kai ba tukuna, alhali saifa ko huhu na can suna zubar da jini a ciki ba wanda ya gani. Dabba ce fa mai kilo 700 ko fiye, ba ɗan maraƙi ba.

Dalilin da zai ɓoye muku kuwa kuɗi ne. Yawancin masu hawan bijimi ba albashi, kai za ka biya kuɗin shiga da na mai, in ba ka hau ba ba ka samu ba, shi ya sa suke hawa da karaya.

Batun laya, don Allah ku bari. Mahautanmu masu hawan ƙaho da layunsu ba a soke su? Kuɗin nan ku sai masa rigar kariyar ƙirji irin wadda Cody Lambert ya ƙirƙiro bayan rasuwar abokinsa Frost, da hular kwano, ba malafar kaboyi ba. In ya ji jiri, numfashi na yi masa wuya ko kafaɗarsa ta hagu na ciwo, ya kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, nan take, kar ya tuƙa kansa.