Mabiyana Sun Haura Dubu 30, Amma Ba Mai Tanka Mini: Na Bogi Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shafi a Instagram wanda mabiyansa suka haura dubu 30, amma idan na wallafa abu da ƙyar mutum 100 ke danna alamar so, tsokaci kuwa sai a yi kwanaki babu ko ɗaya. Wani ya ce mini yawancinsu na bogi ne, ya ba ni shawarar in sauke wata manhaja da za ta share su gaba ɗaya. Ni dai ban taɓa sayen mabiya ba. Ta ina suka shigo, kuma in share su ne ko in ƙyale su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki share kowa, ki sani cewa mabiyan da ba sa motsi ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya ba ki shawara ya zuba su duka a kwando ɗaya. Akwai asusun bogi, wanda tun asali babu mutum a bayansa, an ƙirƙire shi ne da manhaja tare da dubban irinsa domin a sayar ko a yaɗa tallar damfara. Akwai asusun mutum na gaske da ya daina shiga, ko don ya manta kalmar sirri, ko ya canza waya ya buɗe sabo, ko ya gaji da dandalin, ko ma Allah ya yi masa rasuwa. Sannan akwai waɗanda suka fi muhimmanci a wurinki, wato masu kallo su wuce ba tare da sun danna komai ba, alhali suna ganin abin da kike wallafawa, wata rana kuma su ne za su turo miki saƙo. A ido duk shiru suke, amma na farkon kaɗai ya cancanci gogewa.

Ba sai kin saya ba kafin na bogi su shigo. Masu ƙera su suna sa su bi shafukan mutanen gaske barkatai domin su yi kama da mutane, kada dandalin ya gane su da wuri. Wasu kuma suna shigowa ta gasar rabon kyauta, irin wadda ake cewa sai mutum ya bi shafuka kaza kafin ya shiga, domin akwai masu buɗe asusu barjat don irin wannan gasar kawai. Haka nan tsarin "bi ni in bi ka" yana tara jama'ar da ba ruwansu da abin da kike yi. Idan kuma kin taɓa damƙa shafin a hannun wani da ya yi alƙawarin haɓaka shi, ki tambaye shi ta wace hanya ya bi.

Wannan harka kasuwa ce babba. A watan Janairun 2018 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Amurka mai suna Devumi, wanda ke da asusun bogi kimanin miliyan 3.5 da yake sayarwa a maimaice, har ya sayar da mabiya sama da miliyan 200 a Twitter. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, dubun-dubatar asusun an kwaikwayi sunaye da hotunan mutanen gaske ne, su kuwa masu hotunan ba su da labari. A watan Yulin 2018 Twitter ta cire asusun da ta kulle daga lissafin mabiya, inda Barack Obama ya rasa sama da miliyan 2. Tun a Disambar 2014 Instagram ta yi irin wannan sharar, kuma shafinta na kanta ya rasa kusan miliyan 19. Facebook kuwa ya ce ya rufe asusun bogi biliyan 2.2 a watanni uku na farkon 2019. Ko auna yawansu ma aiki ne: Twitter ta daɗe tana cewa ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu shiga kullum ba, kuma a kan wannan adadin ne Elon Musk ya ja da ita a 2022 kafin ya kammala sayen kamfanin a kan dala biliyan 44. Idan kamfanin da ke riƙe da bayanan gaba ɗaya ya sha musu a kan ƙididdigarsa, to manhajar da ke leƙe daga waje, ta ɗebi samfuri ta ce miki kashi kaza na bogi ne, kirdado kawai take yi.

Duk da haka, ban yarda cewa su kaɗai ne suka jawo miki shirun ba. Tun 2016 Instagram ta daina jera saƙonni bisa lokacin da aka wallafa su, ta koma zaɓar wa kowane mutum abin da take hasashen zai tsaya a kai, bisa la'akari da abin da ya saba kallo da waɗanda ya saba mu'amala da su. Saboda haka ko da mabiyanki duka mutane ne masu rai, wani kaso ne kawai zai ga kowane saƙo. Illar na bogi ta fi fitowa a wani wurin: suna gurɓata alƙaluman da kike dogaro da su wajen sanin su wa ke bibiyarki, kuma kamfanin da zai ba ki talla zai raba yawan martani da yawan mabiya, ya ga sakamakon ya yi ƙasa, ya zarge ki da sayen abin da ba ki saya ba.

Hanyar ganewa tana hannunki. Ki mayar da shafin na ƙwararru, wato nau'in asusun masu sana'a da ake zaɓa a saitin Instagram, idan ba ki yi ba, ki buɗe sashen alƙaluma, ki duba mutum nawa saƙonninki ke kai wa da kuma ƙasashen da mabiyan suka fito. Idan kika ga tarin mabiya daga ƙasar da ba ta jin harshen da kike rubutu da shi, ko kika tuna ranar da adadin ya yi tsalle ba tare da wani dalili ba, to akwai alamar tambaya. Daga nan ki riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Za ki ga suna mai jerin lambobi a ƙarshe, babu hoton fuska, yana bin shafuka sama da 7,000, kusa da iyakar 7,500 da Instagram ta gindaya, shi kuwa mutum goma ne ke bin sa, sai hotuna uku da aka ɗora a rana ɗaya shekarun baya. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, domin mutane da yawa masu kunya ba sa sa hoto kuma ba sa wallafa komai. Sai alamomin sun taru a asusu ɗaya.

Game da manhajar da aka ce ki sauke, ina roƙonki kada ki yi. Yawancin irinsu sai kin ba su sunan shiga da kalmar sirri, wanda ke nufin kin miƙa shafin kacokan ga mutanen da ba ki sani ba, kuma da irin wannan damar ake sa asusun mutanen gaske su riƙa bin wasu ba da saninsu ba. A Nuwambar 2018 sai da Instagram ta riƙa aika wa masu amfani da manhajojin ƙara mabiya saƙo su canza kalmar sirrinsu. Ƙari a kan haka, cire ɗaruruwan mabiya cikin mintuna kaɗan na iya sa dandalin ya ɗauke ki a matsayin na'ura, ya taƙaita miki motsi na wani lokaci.

Ki cire na bogin da kanki daga jerin mabiya, kaɗan-kaɗan a kowane zama. Ba a sanar da wanda aka cire, kuma Instagram kan ware waɗanda take zargi wuri guda domin ki duba. Waɗanda suka daina shiga ki ƙyale su, wasunsu za su dawo. Kada kuma ki sa rai martani zai ƙaru washegari, domin alƙaluma kawai sharar take gyarawa, ba ta kawo sabon mai kallo. Idan adadin ya ragu wani ya zo miki da tayin cike gurbin da kuɗi, ki ƙi: dokokin dandalin sun hana, kuma a Amurka tun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta haramta saye da sayar da mabiyan bogi don yaudarar abokan ciniki. Ki canza kalmar sirri yau, ki kunna tabbatarwa mai matakai biyu, wato neman ƙarin lambar tsaro bayan kalmar sirri kafin a shiga, sannan ki duba jerin manhajojin da kika taɓa bai wa izinin shiga shafin, ki soke duk wadda ba ki gane ba.