Ga Malamar da ko sannu ba a ce mata ba

Ƙanwata, kin ce shekara biyu kina ɗawainiya da wata ɗaliba, iyayenta ko sannu, har kina tambaya ko dole ne Kirista ta ci gaba da irin wannan alheri. Ina karantawa ina jin kamar ni na rubuta.

A wata ƙaramar sakandare (JHS) nake koyarwa nan Asawase, a Kumasi. Akwai yaron da yake zuwa aji da silifa ɗaure da waya. Na sayo masa takalmi a kasuwar Kejetia, koko da ƙosai kuwa kullum daga jakata. Da BECE, jarrabawar kammala JHS, ta matso, sai mu zauna bayan tashi muna lissafi har ƙarfe biyar. Ya ci, ya samu babbar sakandare a 2017, shekarar da aka fara karatunta kyauta a Ghana. Kin san abin da kawunsa ya yi mini? Har bakin aji ya zo, gaban yara, wai na cinye kuɗin da wata ƙungiya ta aiko wa yaron. Kuɗin da ba a taɓa aikowa ba! Ina tsaye da alli a hannu, bakina ya mutu. Mutumin da bai taɓa leƙo taron iyaye ba. Yaron yana gefensa, kai a sunkuye, bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi zagin ci mini rai. A trotro, motar haya, na yi ta kuka, yaron mota ma ya kasa tambayata kuɗi.

Buɗe Luka 17. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo, shi ma Basamariye. Kuma Yesu ya tambayi inda taran suke. Ashe ya lura. Don haka jin zafin nan ba zunubi ba ne, kada wani ya rufe miki baki da "yi haƙuri" kawai. Amma Yesu bai janye warkarwar ba.

Kuɗi kam, kada ki ƙara bai wa yaro a ɓoye. Shugaban makaranta ya sani, ki rubuta a littafi. Albashinmu nawa yake?

Ni dai abin da ya kashe mini jiki daban ne. Ina cikin gunaguni na tuna Malamar da ta koya mini karatu a aji ɗaya, mai riƙe hannuna a kan allo. Ban taɓa komawa ba. Ina cikin taran nan. Da na neme ta, idonta ya riga ya tafi, sai da ta shafa fuskata tukuna. Na kai mata turmin atamfa, ta yi ta tambayata ko har yanzu da hagu nake rubutu.