Amsa ga mai son sayen gida a bakin kogin Thames

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni, don ramin da kake leƙawa na san zurfinsa. Ka ce hayar Landan ta ishe ka, ka ga gida mai ɗaki uku tsakanin Staines da Wraysbury, taku kaɗan daga kogi, kuɗinsa ƙasa da na irinsa da ke nesa da ruwa, dillali kuma ya ce ruwa bai taɓa shiga ba. Wannan "bai taɓa shiga ba" ce ta hana ni wucewa.

Dillali yaron mai sayarwa ne, ladansa na fitowa ne ranar da ciniki ya faɗa. Idan ya ce ruwa bai shiga ba, sau da yawa nufinsa kogi bai shigo ta ƙofa ba, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne yankin nan zaune yake a kan tsakuwa. Manyan tafkunan da ka gani a hanya, da yawansu ramukan haƙar tsakuwa ne da suka cika. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, hanya take ba shi. In kogi ya cika ya daɗe a cike, ruwan ƙasa ma sai ya taso, ya ɓullo ta daɓen gidanka alhali titi a bushe yake. Buhun yashi ba ya maganin wannan, katanga ma haka. Da fari wari za ka ji, sai kafet ya yi sanyi, sai ka ga ruwa na tsattsafowa ta gindin bango ko'ina a lokaci guda, ba ƙofar da za ka toshe. Bayan haka magudanar ƙazanta ta cika ta fara dawo da kaya ta masai da bahon wanka na ƙasa. Daga nan duk abin da ruwan ya taɓa ya zama shara: katifa, kujeru, firiji, kabad ɗin kicin mai katakon dusa da ke kumbura ya ruguje. Ruwan na iya janyewa cikin mako, amma bango da daɓe sai sun yi watanni ana busar da su da inji, iyali na raɓe a haya ko otal, banki kuma bai fasa karɓar nasa ba. A lokacin dillalin nan ko wayarka ba zai ɗauka ba. Allah Ya isa kawai.

Kuma ba sabon abu ba ne. An yi babbar ambaliya a Maris 1947, an yi a Janairun 2003, sannan a Fabrairun 2014 ruwa ya mamaye Datchet, Wraysbury, Staines, Egham da Chertsey. In wani ya kwantar maka da hankali da shingen Thames na Woolwich, wanda ya fara aiki a 1982, ka sani don tunkuɗowar teku aka gina shi, kuma tasirin teku a Teddington yake tsayawa. Daga can zuwa sama ruwan sama da ke gangarowa ne matsalar. Hanyar ruwa ta Jubilee, da aka haƙa don rage wa kogi ruwa aka kuma buɗe a 2002, tana kare Maidenhead, Windsor da Eton ne, ta mayar da ruwan cikin kogi dab da Datchet, kai kuwa kana ƙasa da wurin.

Ka shiga taswirar ambaliya ta Hukumar Kula da Muhalli ka sa lambar adireshin unguwar (postcode). Shiyya ta 3 tana nufin yiwuwar ambaliyar kogi kashi 1 cikin 100 ko fiye a kowace shekara. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka, a tsawon bashin shekara 25 ta haura kashi 20 cikin 100. Lauyanka ya nemo rahoton ambaliya na musamman, ya kuma duba amsar mai gida a fom ɗin TA6, inda ake tambayarsa a rubuce ko ruwa ya taɓa shiga gidan ko filinsa. Maganar baka ba ta da amfani ranar rigima, ta takarda ce ake kamawa.

Inshora ka nema tun kafin ku yi musayar takardun ciniki, ba bayan ba. Tsarin Flood Re na gwamnati da kamfanonin inshora, da ya fara a 2016 zai kuma ƙare a 2039, shi ke sa inshorar gidajen nan ta yiwu, amma bai ɗauki gidan da aka gina daga 1 ga Janairun 2009 ba, haka bene mai fiye da sassa uku na masu hayar dogon zango. Ka kuma tuna wanda za ka sayar wa nan gaba zai yi lissafin 2039.

Shi gidan, wane iri ne? Ba ka faɗa ba, alhali nan ne rabin maganar. Garuruwan nan jirgin ƙasa ne ya bunƙasa su. Surbiton ta taso ne saboda layin dogo na 1838 ya bi ta can ya bar Kingston, sauran ma kowanne ya yi ta yaɗuwa daga tasharsa. Shi ya sa kusa da tasha za ka tarar da jerin gidajen zamanin Sarauniya Victoria: bangon bulo ƙwaya ɗaya ba rata a ciki, daɓen katako da iska ke ratsawa ta ƙarƙashinsa ta bulo mai huji, wasu da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan hujojin su ne ƙofar farko ta ruwa, kuma in ka toshe su dindindin katakon ya ruɓe, sai dai a sa masu rufe kansu. Can gaba akwai tagwayen gidajen shekarun 1930, galibi masu bango biyu da rata, in an cusa abin riƙe ɗumi a ratar ya jiƙe, cire shi aiki ne. Sai na bakin ruwa sosai da na tsibirai, da yawansu bukkokin katako ne na hutun ƙarshen mako da aka yi ta faɗaɗawa har suka zama gidaje. Su ne mafi daɗin gani, su ne kuma bankuna ke gudu. Ka biya kuɗin cikakken binciken gini, mataki na 3, kada ka tsaya ga ƙiyasin banki, don banki kuɗinsa kawai yake karewa.

Ran da za ka koma dubawa, ka lura da sabon fenti da ya tsaya a gindin bango, sabon daɓe a ƙasa kaɗai, soket da aka ɗaga sama, famfon jan ruwa a wani rami, da gidajen maƙwabta da aka ɗora kan ginshiƙai. Ka ƙwanƙwasa ƙofar tsohon da ya fi daɗewa a layin ka tambaye shi inda ruwa ya tsaya a 2014.

Ban ce wurin ba shi da daɗi ba fa. Akwai hanyar tafiya a gefen kogi, jirgin ƙasa kai tsaye zuwa tashar Waterloo a Landan, ga tarihi jibge: Runnymede da aka hatimce Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215 tana nan kusa da kai, a Kingston aka naɗa Sarki Athelstan a 925, ga fadar Hampton Court. Sai dai Wraysbury da Datchet suna dab da filin jirgin sama na Heathrow, ka je da sassafe ka ji ƙarar jirage da kunnenka. A Richmond ma, inda gida ke da tsadar gaske, ruwa na hawa titin bakin kogi in teku ta yi babbar cika, ya jiƙa motocin baƙi.

In zuciyarka ta riga ta kwanta, to ka rage kuɗin gyara daga farashin: bawul mai hana ruwa dawowa a bututun masai, rami da famfo mai batirin ko-ta-kwana, soket da akwatin wuta a ɗaga su kamar mita ɗaya da rabi, tayil maimakon kafet, filastar farar ƙasa maimakon ta jifsam da ke lalacewa in ta jiƙe. Shingen ƙofa kada ya wuce kamar santimita 60, don in ruwan waje ya fi haka nauyinsa na iya tsaga bango, gara a bar shi ya shiga. Kuma in filin ya kai bakin kogi, gyaran gaɓar na iya zama a wuyanka, aiki cikin mita 8 daga gaɓa kuma sai da izinin hukuma. Ka turo shekarar da aka gina gidan da shiyyar da taswira ta nuna, mu ga ko na saye ne.