An yi wa manhajarmu ƙazafi a intanet, mu kai ƙara ko mu yi shiru?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni da abokin aikina muka kafa ɗan ƙaramin kamfani, muka yi manhajar da 'yan kasuwa ke rubuta ciniki da bashi a cikinta, tana kuma tura wa wanda ake bi saƙon tuni. Abin ya fara karɓuwa har mun ɗauki ma'aikata. Kwatsam sai wani mai tarin mabiya ya ɗora hoton wurin da manhajar ke neman izinin shiga lambobin waya, ya rubuta cewa tattara lambobin mutane muke yi muna sayarwa. Wallahi ba mu taɓa sayar da lambar kowa ba. Yanzu mutane sun yi mana ca, wasu saukewa kawai suke yi don su ba mu tauraro ɗaya a Google Play su goge. Abokin aikina ya dage sai mun maka shi a kotu, yaranmu kuma na cewa mu buɗe wasu asusun da sunaye daban mu mayar da martani. Barci ma ya gagare ni. Mene ne mafita?

Mai manhaja cikin damuwa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yaye miki wannan damuwa. Na yarda da ke, kuma abin da aka yi muku zalunci ne. Mutum ya ga hoto guda ya yanke hukuncin sata a kan mutanen da suka kwana suka yini a kan aikinsu, bai ko tura muku saƙo ya tambaya ba. Ki yi magana, kada ki yi shiru. Sai dai kafin ki rubuta ko harafi ɗaya, ki san wa kike yi wa maganar. Shi mai ƙazafin da wuya ya janye, domin ya riga ya samu abin da yake so. Waɗanda ke gabanki su ne 'yan kasuwan da ke amfani da manhajar, da suka karanta rubutunsa gabansu ya faɗi, ba su ce uffan ba, suna jira su ga yadda za ku yi. Duk shawarar da zan ba ki, su nake dubawa.

Maganar kotu, ki roƙi abokin aikinki ya dakata. A shekarar 2003 mawaƙiyar nan ta Amurka, Barbra Streisand, ta kai wani mai ɗaukar hoto, Kenneth Adelman, ƙara tana neman diyyar dala miliyan 50, saboda hoton gidanta ya shiga cikin hotuna kusan 12,000 da ya ɗauka na gaɓar tekun Kalifoniya don nuna zaizayar ƙasa. Kafin ƙarar sau shida kacal aka sauke hoton, biyu daga ciki ma lauyoyinta ne. Cikin wata guda bayan labarin ya fita, sama da mutum 420,000 suka shiga shafin. Kotu ta kori ƙarar, aka kuma ɗora mata kuɗin shari'ar wanda ta kai. Ranar da takardar lauyanku ta isa hannun mutumin nan, hoton takardar zai ɗauka ya ɗora, kuma labarin ya tashi daga "manhaja na neman lambobi" ya koma "kamfani na son rufe bakin mai faɗar gaskiya". Ɓata suna laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa, ƙofar kotu ba ta rufe ba. Ku adana hoton rubutunsa da ranar da ya yi, ku ji ta bakin lauya a sirrance, ku bar ƙarar a aljihu.

Shawarar yaranku kuwa, ki kashe ta yau ɗin nan. Sojojin baka na bogi ba sa ɓuya: asusun da aka buɗe jiya, babu hoto, babu abin da ya taɓa faɗa sai yabon manhaja ɗaya. Da zarar an gano ɗaya, kun tabbatar wa duniya da bakinku cewa ku mayaudara ne, kuma ƙazafin farko ya samu gindin zama. Ƙa'idar Google Play ta hana mai manhaja ƙirƙirar sharhi ko sayen taurari, ana iya sauke manhajar gaba ɗaya a kan haka. A Amurka ma hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta fitar da doka a 2024 da ta haramta sharhin bogi, har da wanda ma'aikaci zai rubuta yana ɓoye alaƙarsa da kamfanin. Duk ma'aikacin da ke son kare wurin cin abincinsa, ya yi da sunansa, ya faɗi inda yake aiki.

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau. Mutumin ya yi ƙarya da ya ce kuna sayarwa, amma tsoron da ya taɓo a zukatan mutane yana da tushe. Manhajojin ba da rance sun yi ɓarna a ƙasashe da dama: su kwashe duk lambobin da ke wayar mai cin bashi, in ya makara da biya su bi iyayensa da abokansa da saƙon cin mutunci. Abin ya yi muni har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan waya tun daga ƙarshen watan Mayun 2023. To manhajarku ta haɗa abubuwa biyun da mutane suka ƙona a kansu, bashi da lambobin waya. Wanda ya ga wannan neman izini ya tsorata, ba wawa ba ne.

Saboda haka ki zauna da injiniyanku ki yi masa tambaya guda: dole ne sai mun karɓi izinin ganin lambobin wayar duka? A iya abin da kika bayyana, ba dole ba ne. Android yana da hanyar da manhaja za ta buɗe wa mutum jerin lambobinsa, ya zaɓi guda da hannunsa, ita kaɗai manhajar za ta gani, ba tare da neman wancan babban izinin ba. Ko kuma ya rubuta lambar da kansa. In kuka koma wannan tsari, hoton da aka yaƙe ku da shi ya daina wanzuwa a manhajar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ki kuma duba sashen tsaron bayanai na shafinku a Google Play, wanda aka wajabta cikewa tun 2022, ki tabbata abin da ke rubuce ya yi daidai da abin da manhajar ke yi. Wani lokacin ɗan guntun shirin talla ko na ƙididdiga da aka ɗauko daga waje yana aika bayanan da mai kamfani bai sani ba. A bincika wannan kafin ki rantse a bainar jama'a.

Fitowa fili da abin da ya faru yana aiki fiye da yadda masu kamfani ke zato. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a shafinsa, ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, aka yi asarar aikin kusan sa'o'i shida na masu amfani da shi, kuma hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana da suka dogara da su suka ƙi aiki. Suka buɗe takarda kowa na gani suna rubuta abin da ke faruwa, suka haska aikin gyaran kai tsaye a YouTube, daga baya suka wallafa cikakken bayanin inda suka gaza. Kamfanin bai mutu ba, a 2021 ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Su da laifinsu ke nan, balle ku da ba ku yi abin da ake zargi ba.

Rubutun ya fito sau ɗaya, da sunanki, a shafin kamfanin. Kada ki ambaci sunan mutumin, kada ki yi zancen hassada ko maƙiya, ko da kuwa kin tabbata akwai su. Ga irin abin da nake nufi: "Ana cewa muna sayar da lambobin waya. Ba mu taɓa yi ba. Mun nemi izinin ne don ɗan kasuwa ya zaɓi wanda zai tura wa tuni. Mun fahimci dalilin da ya sa hakan ya tayar da hankali, don haka daga sabuntawa mai zuwa mun cire shi. Ga abin da muke ajiyewa, ga inda yake, ga yadda za ka goge naka." Ki sa ranar da gyaran zai fito, ki kuma cika. Duk wanda ya sake tayar da zancen, a miƙa masa wannan rubutun, kada a shiga cacar baki. Masu amfani da manhajar kuma ki tura musu saƙon kai tsaye kafin su ji a bakin wasu.

Taurarin za su dawo. Tun 2019 Google Play ke ba sabbin taurari nauyi fiye da tsofaffi, kuma Google ya ce wanda mai manhaja ya amsa wa sharhinsa yakan ƙara kimanin tauraro 0.7 a matsakaici. Amsar ba ta wuce haruffa 350, don haka a taƙaita, a amsa wa masu ƙorafi na gaske ɗaya bayan ɗaya. Sharhin da zagi ne zalla ko bai shafi manhajar ba, akwai wurin kai rahotonsa a shafin masu manhaja, amma Google ba ya cire sharhi don kawai ya yi ɗaci.

Sannan ki ɗora wa mutum ɗaya mai sanyin zuciya aikin duba saƙonni, sau biyu a rana ya wadatar, ke kuma ki cire sanarwar daga wayarki da dare. In mutumin ya ci gaba da maimaita maganar sayarwa bayan kun fito da hujja, har wani abokin hulɗa ya soke yarjejeniya a kan haka, to lokacin ne za ki koma wurin lauya, da hotunan da kuka adana da shaidar asarar a hannunki. Ki rubuto mana yadda ta kaya bayan sabuntawar ta fita.