Amsa: Me ya sa ba ka ji sarewar kara a bikin Oruro ba

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli bidiyon bikin Oruro na Bolibiya kana sa ran jin sarewar nan ta jeren kara, sai ga badujala da ganguna. Dalilin damina ne.

A ƙauyukan ƙabilun Aimara da Kecuwa na yankin, kowane kayan kiɗa da lokacinsa. Siku, wato jeren karan, ta rani ce, kuma mutum biyu ke raba waƙa ɗaya, wannan ya busa, wancan ya cike masa gurbi. Bikin kuwa yana faɗowa ne a Fabrairu ko Maris, tsakiyar daminarsu, lokacin da dankali ke fure. Sarewar damina ita ce tarka: katako ne mai kusurwa huɗu da ramuka shida, muryarta a shaƙe, ana busa ta gungu-gungu da ganga. Sai pinkillu, ita ma wata sarewar damina ce.

Badujalar daga gidan soja aka gaje ta, ta kuma mamaye babban jerin ranar Asabar, inda masu rawar Diablada, wato rawar shigar shaiɗanu, ke bin titi har cocin Socavón. UNESCO ta karrama bikin a 2001. Ni dai ban cika son badujalar ba, ƙararta na danne waƙa.

In tarka kake so, nemi bidiyon Anata Andina, jerin manoma na ranar Alhamis kafin jerin Asabar ɗin. Waƙar baki kuma, duba garin Humahuaca a arewacin Ajantina, inda ake musayar baituka da ƙaramar ganga a hannu.